Yadda Benen Alhaji Wane Ya Cinye Mini Rufi

Kowa da irin jarrabawar da Allah ya haɗa shi da ita. Wani goro ne, wani cin bashi, wani kuma ba ya iya ganin bazawara ya kau da kai. Ni tawa ido ne. Lafiyarsa ƙalau, ko tabarau ba na sawa, illarsa dai ba ya zama a kan abin da yake nawa. Ba na sanin ko na ci gaba ko na koma baya sai na leƙa na ga inda wane ya kai. In aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki, murnar ba ta zauna mini sai na binciko matakin da wanda muka kama aiki rana ɗaya yake kai. In yarona ya kawo sakamako ya zo na uku, kafin in ce Allah ya yi maka albarka na riga na tambaye shi ɗan gidan wa ya zo na ɗaya. Ragon layya kuwa ƙato ne tun daga kara har ƙofar gida, sai maƙwabci ya fito da nasa ya ɗaure, nan take nawa ya rame.

Hajiyarmu ta ce abin ba na yau ba ne. Wai tun ina ƙarami in aka zuba mana tuwo, ba na sa hannu a kwanona sai na leƙa na yayana na ƙirga tsokar da ke ciki, kafin in gama ƙirga nawa ya huce, wani lokacin ma kaza ta riga ni sa baki. Takan ba da labarin nan a gaban surukai ana ta dariya, har da ni. Da a kan tuwo abin ya tsaya, da da sauƙi. Bina ya yi har wurin gini, a can kuwa ya yi mini ɓarnar da ake hangowa daga bakin titi.

A 2018 na sayi fili a bayan Janguza, kan hanyar Gwarzo, in ka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero ka ƙara gaba. Ƙafa 50 ne da 75. Kwasar adashi ce da bashin ƙungiyar ma'aikata, sai 'yan kunnen zinarin maiɗakina da ta cire da hannunta ta ce a cika, a ba dillali la'adarsa. Burina a lokacin bai wuce tsawona ba: ɗaki uku da falo, kicin, banɗaki biyu, ɗan tsakar gida na shanya, sai shago ɗaya a waje da zan zuba 'yan kayan masarufi in na yi ritaya. Buhun siminti bai kai naira 3,000 ba. Birkilan da na samu dattijo ne da ya ga gine-gine ya ga masu gine-gine. Ya zauna a kan bulo, ya yagi takardar buhun siminti ya yi mini lissafi a bayanta, ya ce in na daure ina zuba abin da ya samu duk wata ba fashi, shekara biyu zuwa uku zan kwana a ɗakina. Aka haƙa fandisho, aka zuba kankare, bulo ya fara tashi. Har na fara shirya kalmomin da zan gaya wa mai gidan haya ranar da zan miƙa masa makullinsa.

Sai Alhaji Wane ya sa hoto.

Bari in bar shi a Wane, don yana karanta jarida. Ajinmu ɗaya a makarantar kwana, shi a gadon sama ni a na ƙasa. Ni nake yi masa aikin lissafi, shi kuma yana ba ni garin kwaki da ƙuliƙuli. Wannan tarihin shi ne dafin maganar, don zuciya ta riga ta rubuta cewa wanda ya kwafi lissafinka bai kamata ya riga ka komai ba har abada. Wani dare bayan isha'i, a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ya turo hoton wani gini a Rijiyar Zaki, leburori sun yi layi da kwanon kankare a ka, a ƙasa ya rubuta cewa Alhamdulillahi yau an zuba dekin. Na rubuta masa Masha Allah, Allah ya sa rai aka yi wa, na jera masa hannuwan addu'a. Daga nan na sa yatsu biyu na buɗe hoton. Na ƙirga ginshiƙai, na ƙirga tagogi, na auna faɗin baranda da ido, har na kwatanta tsawon wani lebura da ke tsaye a gefe da tsawon bango don in gano ƙafa nawa ne. Aka kira assalatu ban rintsa ba.

Da hantsi ina wurin birkila.

"Baba, wannan fandishon zai ɗauki bene?"

Ya ajiye cokalin gininsa ya dube ni. "Bene kuma, Yallaɓai? Ai filat muka yi da kai."

"Na sani. Tambaya ce kawai."

"In bene ne sai an tone an zurfafa, a sa rodi mai sha shida, a tayar da fila a kowane lungu. Kuɗin rufinka kaf a ƙasa za su ƙare, inda ba mai gani."

Na ce a tone. Ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce to, Allah ya sa mu ga ƙarshensa da rai. A lokacin na ɗauka addu'a ce.

Wanda bai taɓa gini ba zai ce bene ai ɗaki ne a kan ɗaki, kuɗi ninki biyu, shi ke nan. Ina! Sai an koma wurin mai zane ya sake zane, injiniya ya lissafa nauyi, a sake neman sa hannun hukumar tsara birni. Kowane ginshiƙi sai an haƙa masa raminsa, a shimfiɗa ragar rodi a ɗaure da waya, a zuba kankare. Bulo mai inci 6 da na riga na buga ya tashi daga aiki a bangon waje, sai mai inci 9. Uwa uba dekin, wanda rana ɗaya ake zuba shi, bai san a bari sai an yi albashi ba. Katakon shimfiɗa, sandunan tokari, rodi, tsakuwa tifa-tifa, hayar injin kwaɓi, leburori da abincinsu, siminti buhu ɗari da wani abu, duk sai sun hallara a safiya guda. Mai albashi yana iya filat, don filat yana haƙuri a yi masa kaɗan-kaɗan. Bene mai kuɗi a dunƙule yake so. Duk dattijon nan ya gaya mini, kuma na ji da kunnena, sai dai a jikina ido ne sarki.

Abin da ya fi ba ni mamaki da kaina shi ne mutanen da ba sa tayar mini da hankali. Simintin da nake saye galibi in ba na Aliko Ɗangote ba ne, to na Abdussamad Rabi'u ne, dukansu 'yan Kano. A watan Mayun 2023 aka ƙaddamar da matatar man Ɗangote a Legas, mai iya tace ganga 650,000 a rana. Na kalla a talabijin ina shan shayi, na kwanta na yi barcina har da minshari. Amma barandar Wane ta hana ni sakat. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya yi rubutu a kan wannan tun 1954. Ya ce inda mutum ba shi da tsayayyen ma'aunin da zai san matsayinsa, da mutane yake auna kansa, kuma ba kowa yake zaɓa ba sai wanda yake ganin sa'ansa ne. Da na karanta sai na ji wani sanyi, ashe ciwon nawa har a jami'a ana koyar da shi. Sai dai uzurin bai rufe ni duka ba, don ni ina da ma'aunin. Birkila ya rubuta mini shi a bayan buhu, ni na ajiye na ɗauko na Wane.

Kuɗin kwano suka shige ƙasa. Korona ta zo a 2020 aka kulle gari, aka buɗe, ginshiƙai suka tashi, bango ya kai linta, aka tsaya jiran kuɗin dekin. Muna cikin jiran ne ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar fetur da gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, duk abin da ake ɗaukowa a mota ya bi sahu. Simintin da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023, a watan Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa. Ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin shekarar, bai fi kuɗin buhu bakwai zuwa tara ba, in ba za a ɗora tukunya a gidan ba ke nan.

A majalisarmu ta bayan magariba ni ne liman wajen ɗora wa gwamnati alhakin kangona, kuma ta wani gefen da gaskiyata. Sai dai akwai shaida guda da ke ƙaryata ni, kuma iyakarmu ɗaya da shi.

Mai gyaran babur ne. Bayana ya sayi filinsa, rabin nawa. Ya tayar da ɗaki biyu da bulo mai inci 6, ya buga kwano mai araha, ba filasta ba silin, ya rataya buhu a taga, ya haƙa rijiya da masai, ya kwaso iyalinsa ya tare tun siminti yana da mutunci. Ina tuna irin kallon tausayin da na yi masa, ina cewa a raina ni dai ba zan kai iyalina irin wannan wuri ba. Na manta haka mahaifinmu ya yi gidanmu na cikin gari, da tubali da azara, ɗaki ɗaya ya fara, duk wanda ya isa aure a yanka masa a gefe. To kuɗin hayar da bakaniken nan ya daina biya su suka zama filasta, wata shekarar suka zama tayil, wata ya ƙara ɗaki, yanzu har da farantin sola biyu a kan rufi da darbejiya mai inuwa a ƙofar gida. Shi ke riƙe mini makulli. Awakinsa a falona suke kwana. Matarsa a ɗakin barcina take shanya kuɓewa da tattasai, don ta ce duk unguwar ba inda rana ke shiga kamarsa. Rodin ginshiƙai sun yi cirko-cirko a sama kamar tsinken tsire, sun yi tsatsa, damina ta bi bango ta bar masa gansakuka. In ya hango ni sai ya taso da fara'a yana goge hannu da tsumma: "Alhaji mai bene, barka da zuwa!" Ba gatse yake yi ba, da zuciya ɗaya yake faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ban je Makka ba, kuma ba ni da bene.

Kada a zaci na hankalta a tsakani. Wani ɗaurin aure ya kai ni Gwarinpa a Abuja, na dawo na sa aka fasa tagogin gaba aka faɗaɗa su. Wani cikin 'yan ajinmu kuma ya sa get ɗinsa a sitatus, baƙi mai ratsin ruwan gwal, mai tafiya a kan taya. 'Yan kuɗin da na fara tarawa na dekin na kwashe, na tafi Ƙofar Ruwa na sayi ƙarfe, na kai wa mai walda na nuna masa hoton na ce irin wannan, amma ya fi shi tsawo da ƙafa ɗaya. Aka kafa get, ya yi kyau ƙwarai, har samari na tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. Katanga ce dai ba ta zagayo ba. Kwaɗo biyu ne a jikinsa, awaki na bi ta gefe. Daga baya na ci karo da wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a Kanada a kan maƙwabtan waɗanda suka ci kuɗi a cacar reful. Sun gano cewa gwargwadon yawan abin da mutum ya ci, gwargwadon yadda maƙwabtansa na kusa ke shiga bashi har su karye, kuma kuɗin a kan abin da ido ke gani suke tafiya, irin su mota da gida. Ashe ina da dangi a Kanada.

Ranar da mai gidan haya ya aiko da takardar ƙari, maiɗakina ta ajiye mini ita kusa da kwanon abinci ba ta ce uffan ba. Ni kuma da yake na ɗan yi karatu, sai na kawo mata tarihi. Na ce, "Uwargida, gini ba a yi masa gaggawa. Badalar Kano ma tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 da suka wuce, har aka zo zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ana faɗaɗa ta." Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Haka ne, Abban yara. Shi Gijimasun haya yake biya kafin a gama?" Sannan ta kai hannu ta gyara ɗan kunnen naira ɗari biyun da ke lilo a kunnenta. Na ja kwanona na ci shiru.

Wata rana a karatun tsakanin magariba da isha'i malaminmu ya kawo hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda a cikinsa Manzon Allah (SAW) ya hore mu da duban wanda ke ƙasa da mu a sha'anin duniya, mu bar duban na sama, don kada mu raina ni'imar da aka yi mana. Na ce to ga magani ya samu. Amma ku ji yadda na sha shi. Ranar Asabar na saɓa babbar riga na tafi sada zumunci gidan wani abokin aikina da ko fili bai mallaka ba, ciki da falo yake haya da 'ya'ya shida. Na zauna na sha ruwansa, na jajanta masa tsadar rayuwa, na yi ta sako zancen get ɗina ba wanda ya tambaye ni. Na dawo gida ina fito. An ce in dubi na ƙasa in gode wa Allah, ni kuma na je na dube shi don in ji na fi wani. Idon nan ne dai, wuya kawai na sunkuyar.

Masu lallashina sun sha ce mini kallon kitse nake yi wa rogo, irin su Wane duk bashin banki ne, wata rana za ka ji an zo an garƙame gidan. Maganar nan daɗi take yi mini, har bincike na shiga yi a ɓoye. Sakamakon bai yi mini daɗi ba, kitsen ne na gaske. Lokacin da muke jami'a muna zanga-zanga, shi yana Kantin Kwari yana ɗaukar dila a ka a shagon kawunsa. Shekara ashirin da ɗoriya yana buɗe shago kafin rana ta ɗaga. Ba ya cin bashi mai ruwa, yana fitar da zakka, marayun layinsu a gidansa suke cin abincin dare. Muka haɗu a wata jana'iza, bayan an shafa fatiha ya kama hannuna ya ce, "Mutumina, ina labari? Ai na zaci ka tare tuntuni. A ina ma filin naka yake?" Shekaru ina tsere da mutum, shi ko unguwar da nake gudun bai sani ba. Na yi masa bayani sama-sama. Kafin mako ya zagayo sai ga akori-kura da siminti buhu 20, wai gudummawa. Na karɓa, na yi godiya, na yi masa addu'a har cikin zuciyata. Da dare kuma na kwanta ina lissafin kashi nawa ne buhu 20 a cikin ribarsa ta wata.

Na gwada dabaru. Na kashe ƙarar zauren 'yan aji, na ɓoye sitatus ɗin duk wanda na san yana gini. Bai hana komai ba, don sai na koma aron wayar maiɗakina da sunan zan duba lokaci, matan su Wane kuwa sun fi mazansu sa hoto, har labule da kujeru. Abin da ya ɗan yi mini aiki tsohuwar takardar buhun nan ce. Ina neman wani rasit a akwati na ci karo da ita. Rubutun ya koɗe amma ana karantawa: bulo kaza, siminti kaza, kwano bandir kaza, katako kaza. Babu bene a ciki, babu get mai taya, babu sunan kowa sai nawa. Na ninke ta na koma wurin dattijon.

"Baba, in aka fasa benen fa?"

"Yallaɓai, ai benen ne ya fasa mu tuntuni."

"Rodin da ke sama fa?"

"A yanke a sayar wa 'yan gwangwan, a ɗora kwano. Fandishonka dai ko jirgi ya sauka a kai ba abin da zai same shi. Jikokinka sa gode maka."

Na sayar da get da faɗuwa, na haɗa da simintin Wane, na sayo katako a Na'ibawa. Kuɗin ba su isa rufe gidan duka ba, ɗaki biyu da kicin aka samu. Tagogin Gwarinpa kuma aka sake toshe rabinsu da bulo, don kuɗin ƙarfen da zai kare su ya fi ƙarfina. In Allah ya kai mu bayan ƙaramar sallah za mu tare, da labulen atamfa a taga, maƙwabcina ya yi alkawarin zai nema wa awakinsa wani wurin.

Ranar da ake buga kwano na hau tsani don in ga aikin kafinta. Daga can sama unguwa duk a fili take. Layi biyu a bayanmu wani ya yi rufi ruwan toka, irin mai yashi-yashin nan da ba ya ƙara in ana ruwa, ga tankin ruwa biyu a kan ƙarfe. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa: "Baba, wancan rufin nawa ake..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya riƙe tsanin da hannu biyu ya ce, "Yallaɓai, sauko." Na sauko.

Don haka ban zo in ce na warke ba, roƙo na zo yi. 'Yan ajinmu, ku ci gaba da sa hotunanku, halalinku ne, Allah ya ƙara buɗi. Jama'ar gari kuwa, duk wanda ya gan ni a unguwar da ba tawa ba, na tsaya a gaban gini na ɗaga kai leɓena na motsi, to ba tasbihi nake ba, tagogi nake ƙirgawa. Ya kama hannuna ya sa ni a adaidaita sahu mai zuwa Janguza, ni zan biya kuɗin. Kai kuma bawan Allah da ka sayi get ɗina, na yafe maka ragin da ka yi mini, amma don girman Allah kada ka turo mini hoton inda ka kafa shi.